A Ba Ƙananan Jami'o'i Fili Su Gwada Ƙwanji da Manya

Duk ranar Juma'a, tun kafin rana ta take, Karar Wudil ta cika ta batse. Dillalin da ya kwana biyu a harkar ba ya neman ma'auni. Ya dubi tozo, ya dubi ƙirji, ya shafa gadon baya, ya buɗe baki ya ga haƙora, sai ya yanka wa sa kuɗi, kuma da wuya ya kauce da nisa. Irin wannan aikin ne wani kwamiti yake zaman yi a Amurka duk tsakiyar watan Maris, sai dai shi abin da yake yi wa kuɗi ƙungiyoyin ƙwallon kwando ne na jami'o'i. Yakan duba wasannin da kowace ta buga tun daga Nuwamba, ya auna ƙarfinta, ya ba ta lamba. Bambancin kawai shi ne sa ba ya ƙaryata dillali, su kuwa 'yan wasa sukan ƙaryata kwamiti, wani lokaci tun a daren farko.

Gasar ta hukumar wasannin jami'o'i ce ta NCAA. An fara ta a 1939 da makarantu takwas, ta kai 64 a 1985, aka mai da su 68 a 2011. Bayan wasanni huɗu na share fage, sai a raba 64 ɗin zuwa shiyya huɗu, kowace shiyya ƙungiya 16, a jera su daga lamba ta 1, wadda kwamiti ke ganin ta fi ƙarfi, har zuwa lamba ta 16. Ta 1 ta kara da ta 16, ta 2 da ta 15, haka har a zagaye. Sili ɗaya ƙwale ne: wanda aka doke sau ɗaya ya naɗe tabarmarsa ya koma makaranta. Cikin mako uku a buga wasa 67, a bar ƙungiya ɗaya tsaye. Amurkawa suna yi wa lokacin laƙabi da haukan watan Maris.

Miliyoyin mutane kan cika takardar hasashen wanda zai ci kowane wasa. A 2014 attajirin nan Warren Buffett ya tsaya wa kyautar dala biliyan 1 ga duk wanda ya cinka dukkan wasannin daidai. Babu wanda ya ko kusanta, kuma har yau ba a tabbatar da mutum ɗaya da ya taɓa cinka su duka ba.

Mai karatu a Wudil ko Gaya ko Garko yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan nasa babba ne. Garin Wudil shi kaɗai yana da manyan makarantu biyu masu ba da digiri: Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Najeriya, mai ɗaukar ɗalibai daga kowace jiha. Dubban matasa ne masu jini a jika a gari ɗaya. Abin da ke sa gasar Amurka daɗi kuwa, wato ƙaramar makaranta ta kayar da babba a bainar jama'a, bai faɗo daga sama ba. Tsara shi aka yi da dokoki, kuma mafi yawan dokokin ba sa cin kuɗi. Ana iya kafa irinsu a Kano.

A fara da ganin yadda abin yake faruwa. Daga 1985 zuwa 2018, ƙungiyoyi masu lamba ta 16 sun kara da masu lamba ta 1 sau 135 a gasar maza, an doke su sau 135. Ranar 16 ga Maris 2018 sai jami'ar UMBC ta jihar Maryland, wadda aka fi sani da ilimin kimiyya da gwanintar wasan dara na Turawa, ta shiga fili da Virginia, wadda kwamiti ya sa a gaban kowa a duk ƙasar bayan ta ci wasa 31 ta faɗi biyu kacal. An tafi hutun rabin lokaci 21 da 21. Da aka dawo, wani yaro Jairus Lyles ya buɗe wuta, ya tashi da maki 28, aka tashi wasa 74 da 54. Ba da ƙyar aka ci Virginia ba, lallasa ta aka yi. Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne Virginia ba ta watse ba. Ta haɗiye kunyar, ta dawo a 2019 ta ɗauki kofin, kuma ɗan ƙasar Gini ne, Mamadi Diakite, ya jefa ƙwallon da ya cece ta a daƙiƙar ƙarshe a karawarta da Purdue a kan hanyar zuwa can.

Shekara biyar bayan UMBC aka sake. Ranar 17 ga Maris 2023 jami'ar Fairleigh Dickinson, wadda 'yan wasanta suka fi na kowace ƙungiya gajarta a rukunin farko na jami'o'in ƙasar, ta haɗu da Purdue mai Zach Edey, ƙaton da tsawonsa ya kai mita 2.24. Shekarar da ta gabata wasa huɗu kacal Fairleigh Dickinson ta ci. Ta matsa wa Purdue lamba daga wannan kwando zuwa wancan, ta hana ta sakat, ta ci 63 da 58. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

A tsakanin waɗannan biyu akwai Saint Peter's, 'yar ƙaramar jami'a a birnin Jersey City mai ɗalibai kusan 3,000. A 2022, tana riƙe da lamba ta 15, ta fitar da Kentucky mai kofi takwas a tarihi, da ci 85 da 79 bayan ƙarin lokaci. Albashin kocin Kentucky shi kaɗai ya ninka duk kasafin ƙwallon kwando na Saint Peter's sau da dama. Ta ci gaba ta doke Murray State da Purdue, ta zama mai lamba ta 15 ta farko da ta shiga sahun takwas na ƙarshe. A cikin 'yan wasanta akwai tagwaye 'yan Mali, Fousseyni da Hassan Drame, da KC Ndefo wanda iyayensa 'yan Najeriya ne.

'Yan Afirka ta Yamma sun daɗe a cikin wannan labari, kuma wanda ya fi kowa shahara a cikinsu ya ɗanɗana ɗacin ba-zata da bakinsa. Hakeem Olajuwon ɗan ƙwallon hannu ne a makarantar Muslim Teachers College ta Legas. A ƙarshen shekarun 1970 makarantarsa ta je Sakkwato gasar wasannin makarantun horar da malamai, aka roƙi koci ya sa shi a ƙungiyar ƙwallon kwando. Daga nan ƙafarsa ta kama hanya. A 1983 yana jami'ar Houston, ƙungiyar da ta ci wasa 26 a jere, suka isa wasan ƙarshe da North Carolina State wadda aka riga aka doke sau goma a kakar. Ana 52 da 52, saura daƙiƙu, wani ɗan North Carolina State ya yi jifa daga nesa, ƙwallon ya gaza kai wa kwando, Lorenzo Charles ya cafe shi a sama ya dankara a ciki. Aka tashi 54 da 52. An ba Olajuwon kyautar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ta faɗi, daga baya ya ɗauki kofin gasar ƙwararru ta NBA a 1994 da 1995, amma kofin jami'a ya leƙo ya koma. Shekara 40 bayan wancan wasan ƙarshe, a 2023, Adama Sanogo ɗan Bamako ya jagoranci jami'ar Connecticut ta ɗauki kofin yana azumin watan Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon gasar. A wannan shekarar ko ƙungiya ɗaya mai lamba ta 1 ba ta kai sahun takwas na ƙarshe ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko da ke sa ƙanana kayar da manya shi ne ƙofa a buɗe take. Jami'o'i sama da 350 ne a rukunin farko, an kasa su ƙungiya-ƙungiya sama da 30 gwargwadon yanki da ƙarfi, kuma duk wadda ta ci gasar ƙungiyarta tana da kujera a babbar gasa, ko kwamiti yana so ko ba ya so. Da zaɓen kwamiti kaɗai ake bi, da babu wanda zai gayyaci UMBC. Dalili na biyu gajartar wasan. Minti 40 ne, wasa ɗaya tak. A NBA sai ƙungiya ta ci huɗu cikin bakwai, don haka mai ƙarfi yana da damar gyara kuskurensa. A nan kuwa idan hannun babban ɗan wasa ya yi sanyi na rabin sa'a, ko alƙali ya kama shi da laifi biyu tun da wuri ya koma benci, shi ke nan. Dalili na uku jifan nesa mai maki uku da aka shigo da shi a kakar 1986 zuwa 1987, wanda ya ba gajere makamin da zai yaƙi dogo. Na huɗu, shekara da shekaru an ƙayyade wa kowace jami'a yawan 'yan wasan da za ta ɗauki nauyin karatunsu, 13 a ɓangaren maza, don kada masu hali su kwashe gwanaye su tara a benci. Na biyar, ƙananan makarantu sukan riƙe yaransu shekara uku ko huɗu suna wasa tare har kowa ya san motsin ɗan'uwansa, alhali gwanayen manyan makarantu kan yi shekara ɗaya su wuce NBA.

Sai kuɗi. A 2010 tashoshin CBS da Turner sun sayi izinin nuna gasar na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8, aka tsawaita yarjejeniyar a 2016 zuwa 2032. Wani kaso na kuɗin ana raba shi ne gwargwadon yawan wasan da makaranta ta buga a gasar, kuma ba aljihunta kaɗai yake shiga ba, ƙungiyar yankinta ake ba wa ta raba wa membobinta. Nasarar Saint Peter's ta zama abinci ga maƙwabtanta.

Ba kullum aka kasance haka ba. Tsakanin 1964 da 1975 jami'ar UCLA ƙarƙashin koci John Wooden ta ɗauki kofi goma cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere. Faɗaɗa gasar da sauya dokoki ne suka karya wannan babakere. Kuma abin da aka gina da doka ana iya rushe shi da doka. Tun 1 ga Yuli 2021 aka halatta wa ɗan wasan jami'a karɓar kuɗin talla da sunansa, aka kuma sassauta dokar sauya makaranta, yadda yaro zai tashi daga wannan jami'a ya buga wa waccan ba tare da zaman jiran shekara ba. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekara. Biyan yaran adalci ne, domin guminsu ne ke kawo biliyoyin. Sai dai sakamakon sauyin 2021 ya bayyana nan da nan. Makonni kaɗan bayan abin da Saint Peter's ta yi, kocinta Shaheen Holloway ya koma jami'ar Seton Hall, manyan 'yan wasanta suka watse. A gasar 2025 babu wata mai lamba ta 13 zuwa ta 16 da ta tsallake zagayen farko, ƙungiyoyi 16 da suka rage duk daga manyan ƙungiyoyin yanki huɗu masu kuɗi suka fito, kuma masu lamba ta 1 su huɗu ne suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, karo na biyu kenan a tarihi bayan 2008. Florida, mai ɗan Najeriya Rueben Chinyelu a ƙarƙashin kwando, ta ci Houston 65 da 63 a wasan ƙarshe. Tauraronta Walter Clayton daga ƙaramar jami'ar Iona ya taso. Tauraron jami'ar Auburn, Johni Broome, daga Morehead State. Ƙanana suna reno, manya suna ɗauka.

Shi ya sa duk lokacin da gasar ta kusanto muhawara kan tashi a can: masu cewa tazara tsakanin ƙungiyoyi ta ragu kowa na iya cin kowa, da masu cewa kuɗi sun sake tara ƙarfi a hannun 'yan tsiraru. Kowane ɓangare yana da shekarar da zai kafa hujja da ita, wannan ya ɗauko 2023, wancan ya ɗauko 2025. Darasin da ya shafe mu shi ne daidaito abu ne da ake tsarewa, idan aka yi sake ya zube.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A Nijar, tun 1975 da aka fara a Tawa, ana kokawar neman takobin ƙasa. Jihohi takwas, Agadas da Difa da Dosso da Maraɗi da Yamai da Tawa da Tilaberi da Damagaram, kowace ta zo da 'yan kokawa goma, ba a ce mai yawan jama'a ko mai arziki ta ƙara ko ɗaya ba. Wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Masauki kuma yana zagayawa daga jiha zuwa jiha. Ko gwani irin Isaka Isaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, dole ya shiga fili ya sake karewa da ƙarfinsa, sunansa ba ya kayar masa da kowa. Wannan ne ke sa ƙasa guda ta kasa kunne a rediyo kwana goma. A filin dambe ma haka ne, ɗan kallo ba ya biyan kuɗin ƙofa don ganin abin da ya riga ya sani, yana zuwa ne don wataƙila yau sabon yaro ya yi kisa. A ƙwallon ƙafa, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale na 2024 tana rukuni na biyu, ta doke Abia Warriors 2 da nema a wasan ƙarshe.

A ƙwallon kwandon ma mun gani da tutarmu. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta casa ƙungiyar mazan Najeriya, D'Tigers, 156 da 73. A Yulin 2021, a wasan sada zumunta a Las Vegas, D'Tigers ta ci Amurka 90 da 87. A Olamfik ta Paris a 2024, ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ƙarƙashin koci Rena Wakama ta doke Ostareliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen takwas na ƙarshe.

Arewa tana da nata asalin a wasan. A Zariya, Ba'amurken koci Oliver B. Johnson ya shafe shekaru yana koyar da yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin waɗanda suka biyo ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003, ya kuma shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Ƙungiyar kwando ta Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, zauren wasanni na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya sha cika saboda ita. Gasar Milo ta makarantun sakandare ta daɗe tana fito da yara maza da mata daga wannan yanki.

Matsalar tana tsakiya ne, tsakanin sakandare da ƙungiyoyin ƙwararru. Yaron da ya haskaka a gasar Milo, idan ya shiga jami'a, me ke jiransa? Babban taron wasannin jami'o'i shi ne NUGA, wanda aka fara a Ibadan a 1966 da nufin a riƙa yi duk shekara biyu. Amma an yi a Ife a 2014, a Makurɗi a 2017, sai Legas a 2022. Ɗalibin da ya shiga jami'a bayan na Makurɗi yana iya kammala digirinsa bai ga ko ɗaya ba. Yajin aikin malamai na 2020 da na wata takwas a 2022 sun ƙara dagula lissafi. Ko an yi taron, kwanaki kaɗan ne, wasanni iri-iri a cunkushe, kuma sunan jami'a ɗaya, ta Fatakwal, shi ke ta maimaituwa a saman teburin lambobin yabo. Ba laifinta ba ne, ta zuba jari a wasanni ta girba. Sai dai inda ake haɗuwa sau ɗaya a shekara uku ko biyar, mai kayan aiki ne kullum zai yi nasara, domin ƙaramar ƙungiya ba ta samun wasannin da za su gasa ta. Ga kuma rarrabuwa: jami'o'i suna NUGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna NIPOGA, kwalejojin ilimi suna NICEGA, makarantu biyu a unguwa ɗaya sai su shekara goma ba su kara ba. A sama kuma rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ya ɓarke a 2017 ya gurgunta gasar cikin gida na tsawon shekaru.

Kano ba ta buƙatar jiran Abuja. A ƙirga abin da ke ƙasa: Jami'ar Bayero, jami'ar Northwest, makarantun Wudil biyu, Skyline, jami'ar Maryam Abacha, kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, Sa'adatu Rimi, kwalejin ilimi ta Bichi, kwalejin aikin gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, kwalejin shari'a ta Aminu Kano. Idan aka miƙa hannu Jigawa, ga jami'ar tarayya ta Dutse da ta Sule Lamiɗo a Kafin Hausa. Sun haura goma, kuma kusan dukkansu tafiyar da za a je a dawo a yini ɗaya ce. Daga Wudil zuwa birni bai kai sa'a guda ba in hanya ta yi kyau. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, siminti da kwando biyu. Mutum biyar ke shiga, ƙungiya duka mutum 12, motar bas ɗaya ta kwashe su har da koci. Babu wasan ƙungiya da ya fi wannan sauƙin ɗauka ga makarantar da ba ta da faɗin ƙasa ko kauri a aljihu.

Abin da ya kamata a kafa shi ne gasar shekara-shekara ta manyan makarantun Kano da maƙwabta. A yi wasannin gida da waje duk ƙarshen mako a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shiyya-shiyya don rage kuɗin mota, sannan a taru a Ƙofar Mata a yi sili ɗaya ƙwale, a daidaita kwanakin da azumi da jarrabawa. Dokokin da za su ba ta rai su ne waɗanda aka gani a sama. Duk wadda ta ci shiyyarta ta shiga, ko kwaleji ce mai ɗalibai dubu ɗaya. Ba a ɗaga wa kowa ƙafa saboda tsufa ko suna. Duk abin da aka samu daga masu ɗaukar nauyi a fara biyan mota da alƙalai, sauran a raba daidai. Alƙalai su fito daga wajen makarantun da ke karawa. Sannan a ɗauki darasi daga abin da ke damun Amurka a yau: wanda ya sauya makaranta ya jira kaka ɗaya kafin ya buga wa sabuwar, don kada Bayero ta wayi gari ta kwashe duk wanda Wudil ko Ɗambatta ta rena.

Doka mafi muhimmanci ita ce ta hana 'yan haya. Duk wanda ya san wasannin makarantu a ƙasar nan ya san yadda akan ɗauko ƙato daga gari a rataya masa katin ɗalibi. Wannan yana kashe gasa tun tana jaririya, domin mai kuɗi ne ke iya haya. A buga sunayen 'yan wasa da lambar rajistarsu tun farkon kaka, kowace makaranta ta ga na 'yar'uwarta, wanda ya faɗi jarrabawa ya huta har ya gyara, wadda aka kama da maguɗi a kore ta kaka guda.

'Yan mata ma da su za a fara, ba sai daga baya ba. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta halatta wasa da lulluɓin kai. Ana iya ɗinka kayan wasa masu suturta jiki, a ware musu lokaci da masu kula mata, yadda iyaye za su saki jiki.

Akwai masu cewa makarantar da ke fama da wuta da ruwa da wurin kwanan ɗalibai ba ta ta wasa take ba. Maganarsu tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin ɗakin gwaje-gwaje a sayi ƙwallo. Amma ɗalibai sun riga suna biyan kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista a makarantu da yawa, haƙƙinsu ne su ga inda yake tafiya. Kano kuma gari ne na 'yan kasuwa da kamfanonin abin sha da na sadarwa masu neman inda matasa ke taruwa, ga gidajen rediyo birjik da za su iya watsa wasa da Hausa kamar yadda ake yi wa Pillars. Jihar da iyaye ke kuka dare da rana kan shaye-shaye da faɗan daba tana da buƙatar wurin da saurayi zai kai ƙarfinsa da yamma ya dawo a gajiye, da dalilin da zai sa ya tsare makinsa a aji. Masu tsoron rigimar 'yan kallo su ma suna da gaskiya, maganinta kuwa hukunci ne a rubuce tun kafin a fara: makarantar da magoya bayanta suka ta da hankali ta rasa makin wasan, ta buga na gaba ba 'yan kallo.

Akwai kuma ribar da ba a cika lissafawa ba. Mutane ƙalilan ne a wajen Maryland suka san UMBC kafin daren 16 ga Maris 2018, washegari sunanta ya zagaye duniya. Jami'ar da ke Wudil tana da shekara 20 da 'yan kai, tana zaune a inuwar Bayero da Ahmadu Bello. Ba za ta kamo su a yawan furofesoshi cikin shekara biyar ba, amma tana iya doke su a Ƙofar Mata cikin dare ɗaya, yaron sakandare a Sumaila ko Takai ya ji a rediyo ya ce can zai nema.

Matakin farko ba ya buƙatar doka daga majalisa ko kasafin gwamna. Wasiƙa ɗaya ce tsakanin daraktocin wasanni na makarantun Wudil biyu, a sa rana, a buga gida da waje, maza da mata, a gayyaci hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da 'yan makarantun sakandaren garin, a sake yi baɗi a daidai wannan lokaci. Idan ya kama, Bayero da Dutse za su nemi shiga da kansu. Ranar wasan, dillalan Kara za su dubi tsawo da faɗin ƙirjin ɗaliban 'yan sanda, masu atisaye tun asuba, su faɗi wanda zai ci tun alƙali bai busa usur ba. Ɗaliban injiniya da na aikin gona na kan titin Gaya kuwa suna da minti 40 su ba su amsa.